Masarar Lamba Goma Sha Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, abokina ya ja ni cikin wata ɗabi'a ta marasa aikin yi, wato kamun kifi na biya. Kafin in shiga labarin, gara ku san irin mutumin da nake a lokacin. Aikina duba kwantena ne: in shafa hatimi in ga ko an taɓa, in kalli idon direba in ga ko zai kauda kai. Shekara da shekaru ina wannan, har zargi ya zame mini jiki. Mahaifiyata takan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa gindin kofin.

Wurin wata gona ce a arewacin gari, ta hanyar Usfan. Mai ita ya haƙa tafki babba, ya kewaye shi da dabino, ya zuba kifi. Tun ranar Juma'a za ka aika sunanka ta waya, ranar Asabar da safe ka yanki tikitin yini, mai gadi ya ba ka lambar dakalin da za ka zauna. Karfasa idan ka kama taka ce. Amma akwai wani ƙaton kifi mai manyan ɓawo da Misirawan wurin ke kira mabruk, shi wannan sai dai a auna, a ɗauke ka hoto da shi, ka mayar da shi ruwa. Da na gaya wa mahaifiyata haka, ta daɗe tana kallona.

"Ka biya, ka sha rana, ka kama, sannan ka mayar?"

Na ce haka dokar take.

"To Allah ya shirya. Kakanka da ƙafa ya zo ƙasar nan, bai zo don jikansa ya riƙa gaisawa da kifi ba."

Akwai kuma doka ta biyu, an rubuta ta da jan fenti a bakin ƙofa: ba a yarda kowa ya zuba wa kifi abinci kafin a buɗe ba, ko baƙo ko ma'aikaci. Mai gonar mutum ne mai tsanani, kowa ya san ba ya ɗaga ƙafa a kan wannan.

Ranar farko ina tsaye a layin tikiti mahaifiyata ta kira, na amsa mata da Hausa. Ina ajiye wayar na ga mai gadin ya zuba mini ido. Dattijo ne dogo, siriri, da farar jallabiya da ta sha wanki.

"Ya waladi, ɗana, kai Bahaushe ne?"

Hausar tasa ta mutanenmu na Sudan ce. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce a bakin kogi aka haife shi, da fatsa ya girma, kuma ya fi wata shida bai samu wanda zai yi Hausa da shi ba sai awakin gonar. Kafin in karɓi tikitina har ya gaya mini 'ya'yansa mata huɗu ne a gida, biyu suna makaranta, da aikin nan yake riƙe da su, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa, yana jiran mai gonar, wanda shi ne kafilinsa da ya tsaya masa a wajen hukuma, ya sabunta masa.

Wani zai ji daɗi ya samu ɗan'uwa. Ni kuwa a raina cewa na yi, wannan fara'ar ta yi yawa, akwai abin da yake nema.

Ya ba ni lamba goma sha ɗaya. Can ƙarshen tafkin take, kusa da ciyayi, babu inuwa, kuma nesa da wurin shayi. Abokina ya samu lamba uku, ƙarƙashin dabino. Na zauna awa ɗaya babu ko motsi, na je na matsa wa abokina muka yi musanya. Bayan azahar sai ga ihu daga can ƙarshe. Abokina ya ciro mabruk da sai da ya rungume shi kamar jariri. Ni na koma gida da karfasa biyu da ko kyanwa za ta raina.

Asabar ta biyu na sake aika sunana, dattijon ya sake miƙo mini goma sha ɗaya, har da ɗan murmushi.

"Ka zauna, ya waladi. Kada ka yi gaggawa."

Na zauna awa biyu a wannan karon. Ina ganin 'yan kumfa suna tasowa a gabana, amma zaren ko girgiza bai yi ba. Rana ta fara cin ƙeyata, na tattara na koma wani dakali da babu kowa. Wani Bafilifine da ya zo a makare ya zauna a wurin da na bari. Kafin la'asar ya ciro biyu.

Daga nan kaina ya fara aiki irin na sito. Asabar ta uku da aka sake ba ni lambar, ban ma jefa fatsa ba, sai na durƙusa ina duba ƙasa. A tsakanin katakon dakalin na tsinci ƙwayoyin masara jiƙaƙƙu, sababbi, ba na jiya ba. Ni kuwa ban buɗe jakata ba tukuna. Na ɗauke su a tafin hannu na kai wa abokina.

"Ka gani? Tun da sassafe yake cika musu ciki, su ƙoshi su kwanta. Ni ake ajiyewa a rana in tsare wuri, idan na gaji na tashi, yunwa ta dawo musu, sai wanda ya shirya da shi ya zo ya kwashe."

Abokina haifaffen unguwar Bagdadiyya ne a Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce, "Ya sheikh, ni ma da na kama ranar farko, shiri muka yi?"

Ya ga amsar a fuskata. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wallah kana da ciwo. Ga mutumin can zaune, yalla ka je ka tambaye shi. Minti ɗaya ne."

Ban je ba. A wurin aikina ba a tambayar wanda ake zargi, kama shi ake yi da hujja. Kuma gaskiya ina jin daɗin kaina a lokacin, ina ganin na gano abin da ya shige wa kowa duhu.

Asabar ta huɗu na yi sallar asuba na kama hanya ni kaɗai. Na ajiye mota nesa da ƙofa, na bi ta gefen katanga inda ta rushe, na laɓe bayan wani dabino. Gari ya riga ya waye, ba a buɗe ba. Ba a jima ba sai ga dattijon da ƙaramin bokiti. Ya wuce lamba ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce duk sauran bai tsaya ba, sai a goma sha ɗaya. Ya naɗe hannun riga, ya watsa masara hannu biyu kusa da ciyayin. Ya ɗan tsaya, ya ƙara na uku. Duk na ɗauka a waya ina murna.

A cikin mota na aika wa mai gonar, na haɗa da dogon bayani cewa ma'aikacinsa yana cutar masu tikiti. Na san maganar iƙama. Na san maganar 'ya'ya huɗu. Ba zan ce na manta ba, na tuna sarai, na dai ce wa kaina shi ya jawo. Amsar ta zo a taƙaice: shukran, halas, wato na gode, shi ke nan.

Da na dawo mako na gaba, wani Bangali ne a ƙofa. Aka ce an mayar da dattijon wajen awaki kafin mai gona ya yanke shawara. Na shiga da ƙafar dama, na zauna a wurin shayi, na ciro waya ina nuna wa wani tsohon Bamisire da ya fi kowa daɗewa a tafkin. Jira nake ya yaba mini. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla.

"Wa ke zama a wannan lambar?"

Na ce ni ake ba kullum.

"To ai wannan mutumin masoyinka ne. Hannu uku na masara ba ya ƙosar da mabruk, ko ɗaya ba zai ƙosar ba. Kiransu yake yi. Idan ana zuba kaɗan a wuri ɗaya, sai su saba, su riƙa taruwa a nan. Amma kifi ne mai tsoro, yakan yi awa uku yana kewaya ƙugiya kafin ya ɗauka. Wanda ya zauna ya yi haƙuri, nasa ne. Kai nawa ka kama?"

Na ce ban taɓa kaiwa azahar a wurin ba.

Ya miƙo mini wayata ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abokina yana gefe, ya ji komai, kuma har yau ina gode masa da bai buɗe baki ba.

Na tashi na nufi ofishin mai gonar, ina ganin gyara zan yi. Na ce masa kuskure na yi, dattijon ba cutata yake ba, taimakona yake. Na ce ya ji ina Hausa ne, harshenmu ɗaya, shi ya sa yake tara mini kifi a lambata. Ina magana ina ganin fuskar mutumin tana canjawa, amma bakina bai tsaya ba.

Da na gama ya ce, "Ya akhi, da na ɗauka tsufa ne, yana ɓarnar masara, na ce in ja masa kunne ya yi wata guda wajen awaki ya dawo. Yanzu kai da bakinka ka ce yana zaɓar ɗan yarensa ya fifita shi a kan sauran da suka yanki tikiti iri ɗaya. Idan wannan ya fita, wa zai ƙara zuwa nan?"

Na roƙe shi. Na koma washegari na sake roƙo. Abokina ya samo wani dattijon unguwarsu mai mutunci muka je mu uku. Ya karɓe mu da gahawa da dabino, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce ba zai sabunta iƙamar ba, ya riga ya buga wa mai gadin takardar fita daga ƙasar.

Jirgin ruwa mai gadin zai bi zuwa Sawakin, can Sudan. Na aika masa cewa ni zan kai shi tasha, ya amsa da godiya har da addu'a, abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, don na ɗauka bai san wanda ya kai ƙararsa ba. Kayansa akwati ɗaya ne da katon da aka ɗaure da igiya, sai sandar fatsa da ya naɗe da tsumma. A hanya yana ta ba ni labarin kogin garinsu, ni kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena. Da muka wuce unguwar Mahjar, katangar tasha ta fara bayyana, na ga idan ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na gangara gefen titi na tsaya.

"Baba, ni ne na ɗauki hoton nan. Ni na aika."

Ya juyo ya dube ni, babu mamaki a fuskarsa.

"Na sani, ya waladi. Ai na gan ka."

"Ka gan ni?"

"Bayan dabino, da farar riga. Wa zai ɓuya a bayan dabino da ƙibar nan taka?" Ya ɗan yi murmushi. "Na ce a raina, yaron nan ya gane, ya zo ya koyi yadda ake yi, yana jin nauyin tambaya. Shi ya sa na tsaya na ƙara hannu ɗaya a hankali, don ka ga daidai inda ake watsawa."

Na kifa kaina a kan sitiyari. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya taɓa kafaɗata ya ce mu tafi kada jirgi ya bar shi. A bakin ƙofar fasinja na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, ya ce in gaida mahaifiyata. Ya ɗauki katonsa a ka ya shiga layi.

Mun yi waya sau uku bayan haka. A na ƙarshe ya ce ya koma kogi da fatsa, babbar 'yarsa ta bar makaranta tana taya uwarta sayar da shayi. Ya faɗe shi ne kamar labarin yanayi, ba don in ji ciwo ba. Daga baya lambar ta daina shiga.

Ban ƙara taka gonar nan ba, kuma ba zan ce muku na warke daga zargi ba, hali ne, yana nan. Abin da ya canja kawai, yanzu idan zuciyata ta gama shari'arta a kan mutum, nakan tilasta wa ƙafata ta je wurinsa in tambaya kafin in yi komai. Sau da yawa amsar minti ɗaya ce, kamar yadda abokina ya faɗa.

Mutane sukan ce mini ai ya yafe, in bar abin ya wuce. Na yarda ya yafe. Abin da ya ƙi barina shi ne safiyar nan. Mu biyu ne kaɗai a bakin tafkin, kowa yana ganin ɗan'uwansa. Ni ina kallon dattijo yana yi mini alheri, na ga ɓarawo. Shi yana kallon ƙato laɓe a bayan itace yana shirin raba shi da abincinsa, ya ga ɗalibi mai kunya.