Rigar da Tanyus Ya Tuɓe

Ranar Talata, huɗu ga Maris, Allah ya karɓi ran Tanyus Bu Nadir a gidansa da ke Zahle, a ƙasar Lebanon, yana da shekara saba'in da ɗaya. Washegari muka manna takardar sanarwar rasuwarsa a bangon coci, kamar yadda aka saba. Kafin la'asar wani ya bi ta da jan alƙalami ya rubuta "Yahuza", wato maci amanar Almasihu, a ƙarƙashin hotonsa. Mai alƙalamin nan, kai nake so ka karanta wannan.

Kai kuwa Tanyus, Abu Rami, shekara talatin ina ɗinka maka kayan fim a Beirut. Na san laifin da mutanenmu Katolika suka riƙe ka da shi: ka taɓa fitowa a fim a matsayin Fada, limamin coci, mai son kwalba. Aka daina gaishe ka a bakin coci. Da na yi maka ƙorafi, dariya ka yi, ka ce, "Haba Jamile! Kawuna Fada ne, kuma wallahi bai taɓa barin giyar arak ta kwana a kofi ba. Shi ya binne rabin garin nan ana ruwan harsashi. In ɓoye shi don me?"

Abin da ba su sani ba, ni na gani da idona. Wani darakta ya kawo labarin da Fada zai saurari mace tana furta zunubanta, sannan ya kwashe sirrin ya kai wa 'yan bindiga. Ka ce a maishe shi matsoraci ko marowaci, duk za ka yi, amma wannan ƙage ne. Daraktan ya ce, "Malam, fim ne fa! Ku dai Katolikan nan ba a taɓa ku." Ka ce, "Taɓa mu ka more. Amma uwata ta durƙusa a akwatin furta zunubin nan duk Asabar, ba zan gaya wa duniya an sayar da ita ba." A gaban kyamara ka ɓalle maɓallan baƙar rigar Fadan ɗaya bayan ɗaya, ka ninke ta, ka miƙo mini. Maɓalli talatin da uku ne, ni na ɗinka su.

Daga ranar 'yan fim suka sa maka suna mai tsattsauran ra'ayi. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya kira ka aiki. Ka hana ni faɗa wa kowa, wai ba ka son tafi. Na yi shiru, kuma yau ina jin haushin shirun nan.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya sa haskensa ya haskaka maka har abada. Ku iyalinsa, Warde 'yar'uwata, da ku Rami da Nuhad, Allah ya ba ku haƙuri, ku shiga coci da kanku a sama.

Kai kuma mai jan alƙalami, na sake manna sabuwar takarda, gobe ma zan manna. Rigar tana wurina. Ranar addu'ar arba'in zan shimfiɗa ta a kujerar gaba. In kana da abin rubutawa, zo ka rubuta a gabana.