Mai Rakiya Ba Ta Ɗaukar Kaya

Garin kakata ta wajen uwa rabin shekara gari ne, rabin shekara tsibiri. Da rani sai ka taso daga Nguru a kan babur, ka ratsa gonakin shinkafar da aka girbe, ka tsaya a ƙofar gidanta. Amma da zarar ruwa ya sauko ya cika fadama, sai hanya ta nutse, ciyawar kachalla ta tashi ta fi mutum tsawo, garin ya koma ɗan tudu mai gorubobi da masallaci ɗaya. Daga nan babu shiga babu fita sai a kwalekwale.

Mutanen garin suna da wata al'ada da ban taɓa gani a wani wuri ba. Mai kwalekwale ba ya fitar da baƙo sai mai masaukinsa ya rako shi bakin ruwa da ƙafarsa. Wai a da can wani baƙo ya sulale cikin fushi, aka daɗe ana yi wa garin gori a kasuwanni, shi ne dattawa suka kafa wannan doka. Ban san gaskiyar labarin ba. Abin da na sani shi ne kakata ta mayar da dokar makami, kuma ni ne wanda ya fi shan wahalarta, domin ni ne jikan da take kira mai gidanta.

A zuwana na ƙarshe kafin abin da zan faɗa, ta rako ni kamar kullum, na shiga kwalekwale muka tura. Da na waiwayo sai na gan ta tana ɗaga hannu da ƙwazo, tana yi wa wata saniya da ke shan ruwa a gefe addu'ar sauka lafiya. Na yi dariya har mai kwalekwale ya ce in zauna daidai. Muna shiga cikin kachalla na daina dariya. Na gane yanar ido ce ta rufe mata gani, kuma babu wanda ta gaya wa.

Da aka ji likitocin ido za su yi aiki a Gashuwa, sai kawuna da ke Nguru ya kira ni. Shi ne babban ɗanta, mutum ne mai son a yi abu yadda ya tsara. Ya ce in je in ɗauko ta, tunda ni kaɗai take saurara. Ya kuma nuna mini ɗakin da ya gyara mata a gidansa, da sabon fenti da fanka da katifa, ya ce idan an gama aikin ta zauna ke nan, ta huta da sauro da ɗiban ruwa. Ya ja mini kunne kada in gaya mata wannan ɓangaren. Na ce to, ina ganin abin kwana ɗaya ne.

Ta karɓe ni da tsiya irin tamu. Ta shafa fuskata ta ce mai gida ya dawo hannu rabbana, ko ɗan turmin atamfa babu, gara ta nemi wani mijin cikin masunta. Na ce masuntan garin nan duk sun san halinta. Aka kawo burabusko da miyar kifi, na ci na yi nak, sannan na kawo maganar Gashuwa. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya kai mu, sai ta shiga ba ni labarin akuyarta.

Washegari na ce mu shirya. Ta ce ba ta zuwa ko'ina, idonta lafiya lau, hasken duniya ne ya ragu. Na ce to ni zan koma in gaya wa kawu, ta rako ni. Ta ce yau ƙafarta na ciwo. Kashegari ƙafa ta warke, amma maƙwabciya ta haihu. Bayan nan wani ya kawo mata tarwaɗa mai rai, ta ce ba a barin gida da tarwaɗa a ƙwarya. Rannan kuma ta ce ta yi mafarki.

Da na gaji sai na ɗauki jakata na tafi bakin ruwa ni kaɗai, ina takama da cewa ai ni ɗan gida ne. Mai kwalekwalen sa'an kawuna ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Nguru ɗaya bayan ɗaya, sannan ya leƙa bayana ya ce ina tsohuwa. Na ce tana gida. Ya ce to madalla, ya ci gaba da kwashe ruwa daga cikin kwalekwalensa. Na dawo da jakata a kafaɗa, kuma kafin in kai gida labari ya riga ni, don garin bai fi a yi atishawa a gabas a ce maka yarhamukallahu daga yamma ba. Matan da ke daka suka tsayar da taɓare suna yi mini sannu da dawowa daga tafiya.

Haka na zama ɗan gari ba shiri. Na bi masunta na ga yadda suke kifa ciki a kan babbar gora suna yawo a ruwa, na gwada sau ɗaya gorar ta juya da ni. Na taya korar tsuntsaye daga shinkafa har muryata ta dushe. Idan zan yi waya sai na hau wani suri a bayan masallaci, inda kawu yake zazzaga mini faɗa, rabin faɗan yana ɓacewa a iska, abin da na gode wa Allah a kai. Gaskiya na ji daɗin zaman. Amma ranar likitoci tana matsowa, kuma raina ya fara ɓaci.

Wata safiya na same ta tana tsintar shinkafa a faifai, da yatsu take laluben tsakuwa, fuskarta na kallon wani wuri daban. Ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa, hannun ya wuce ya nufi bakin murhu. Na riƙe shi. Na ce mata wasa ya ƙare, ina tsoron ranar da zan zo ta kasa gane ni ko da na tsaya a gabanta.

Sai ta ce, “Kawunka ya yi wa ɗaki fenti, ko?”

Ba ta jira amsata ba. Ta ce ita ta haife shi, ta san tarinsa. Ta ce tsofaffin garin nan da ta raka bakin ruwa da ƙullin kayansu, aka ce magani za su je, ko ɗaya bai dawo ba. 'Ya'yansu sun ajiye su a birni a ƙarƙashin fanka har suka mutu. Gara mata duhu a ɗakinta, inda ƙafarta ta san kowane rami.

Can ta karkaɗe faifai ta ce, “Mai gida, wanda ya yi rakiya yana komawa gidansa ko ba ya komawa?” Na ce yana komawa. Ta ce, “To ɗauko jakarka in raka ka.”

Ba ta ɗauki komai ba sai mayafi da carbi. Ta bar wake a jiƙe, ta gaya wa maƙwabciya ta duba mata akuya, yanzu za ta dawo. A bakin ruwa na shiga, mai kwalekwale ya ɗaga sandarsa zai tura, sai ga tsohuwa ta tattare zani ta sako ƙafa. Ya tambaye ta ina za ta. Ta ce rakiya ba ta ƙare ba, ko akwai wanda ya yanka mata iyaka? Ya dube ni, na dubi ruwa.

Ta raka ni har tsallake. Ta raka ni cikin mota har Nguru, inda ta ƙi ko leƙa ɗakin fenti, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a rumfa, wai mai rakiya ba ta shiga ƙurya. Matar kawu ta kawo mata sababbin zannuwa, ta ce aro dai ta karɓa. Ta raka ni har Gashuwa, har kan gadon asibiti, tana gaya wa ma'aikatan jinya cewa yaron nan ta kawo.

Ranar da aka cire mata bandeji, ta daɗe tana ƙifta ido. Ta kalli kawu, ta kalli bango, ta sauke ido a kaina.

“Wannan mai tumbin nake ta dafa wa kifi? An cuce ni.”

Kowa ya yi dariya, ni kuwa na fita waje don kada a ga hawayena.

Da likita ya gama duba ta ya sallame mu, kawu ya ce to Alhamdulillahi, sai a wuce ɗaki. Ba ta yi musu da shi ba. Ni ta kalla, da sabon idon nan, ta ce waken da ta jiƙa yana jiranta. Waken da ya yi makonni. Ban taɓa tsallake maganar kawuna ba sai ranar. Na ce masa rakiya ta yi mini, a gaban mutanen garinsu, kuma ni zan mayar da ita. Ya yi fushi, har ya daina ɗaukar wayata na wani lokaci, kuma ban ga laifinsa ba, don shi ma son ta yake yi.

Muka sauka a garin da hantsi, ta shiga tana duban kowa tana faɗin wanda ya tsufa da wanda ya rame, ta yi wa maƙwabciya faɗa a kan akuya. Na ɗauka za ta sake tsare ni, har na fara shirin hawa suri. Amma washegari da kanta ta ɗauko mini jaka ta rako ni bakin ruwa.

Muka tura. Akwai shanu a gefe suna shan ruwa, ba ta ko kalle su ba. Ni take ɗaga wa hannu, daidai inda nake, kwalekwale na karkata tana bin sa da ido. Har muka kusa shiga kachalla ina jin muryarta tana cewa in gyara hulata, ta karkace.