Littattafan Goggo Kulu: Rabi a Kasuwa, Rabi a Masallaci

Shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Kulu, ƙanwar mahaifina, kuma har yau in aka naɗe mini soyayyen kifi a takarda, rubutun nake fara dubawa kafin kifin. Masu kifi a Argungu sun san ni da wannan hali. Wasunsu na ganin da ɗan taɓi a kaina, ni kuwa ban taɓa tsayawa yi musu bayani ba.

Goggo malamar makaranta ce. Ta koyar da 'yan mata girki da ɗinki har ta yi ritaya, ta dawo gidanta a Argungu ta ware ɗaki guda don littattafanta. Mu 'ya'yan dangi kemis muke kiran ɗakin, domin ba mai zuwa wurin Goggo da damuwa ya fita hannu rabbana. Amaryar da miji ya raina miyarta za ta fita da littafin girki a ƙarƙashin mayafi. Manomin da ya zo gaisuwa daga Gulma yana kukan albasarsa na ruɓewa a rumbu, ɗan littafin noma za a miƙa masa. Saurayi mai gardamar bakin titi kuwa littafin tarihi take ba shi, mai kauri, tana cewa, "Amshi wanga, ka san duniya ba jiya anka fara ta ba." Wanda aka yi wa rasuwa, waƙa ce rabonsa.

Aro take bayarwa, ba kyauta ba, kuma ranar mayarwa akwai tambaya. "Mi kinka gani ciki?" In kika ce yana da kyau kika yi shiru, sai ta mayar miki da shi a hannu ta ce ba ki karanta ba. Mun sha yi mata tsiya cewa ko ciwon haƙori ka kai mata, shafi za ta buɗe maka. Dariya kawai take yi.

Littattafan iri biyu ne, na boko da na ajami. Na ajamin su take ba dattawa da matan da ba su yi boko ba amma sun yi allo. Akwai 'yan littattafan da malaman gona ke rabawa a da, kan rainon irin shinkafa da ajiyar albasa. Akwai na abincin yara. Akwai kuma waƙoƙin da aka kwafa da hannu tun zamanin kakanmu, waɗanda ban san wani gida mai irinsu ba. Ɗaya daga cikinsu ta aiko mini har Badariya, a Birnin Kebbi, lokacin da ɗana na fari ya rasu yana goye. Waƙa ce kan haƙurin uwa. Na karanta ta har takardar ta yi laushi, sannan na mayar mata kamar yadda dokarta ta ce. Farkon waƙar yana kaina har gobe. Ƙarshenta ya zame mini da shekaru, ban kuwa damu ba a lokacin, tunda na san inda take.

Da Goggo ta rasu, ɗanta Alhaji Umaru ya gaji gidan. Dillalin shinkafa ne, kuma ba zan ce mugu ne ba. Ɗaki yake nema na ajiye buhuna. Bayan sadakar arba'in ya tara dattawan gida suka shiga kemis. Ba wanda ya buɗe littafi ya ga abin da yake faɗa. Da haruffa suka raba. Duk mai rubutun boko aka tara gefe aka ba masu kifi da masu ƙosai. Duk mai rubutun ajami aka naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta, aka ɗauka da hannu biyu aka kai masallacin unguwa, aka kulle a kabad tare da tsofaffin Alƙur'anai. Wai haruffan Alƙur'ani ne, ba a wulaƙanta su. Haka littafin ajiyar albasa ya samu matsayin da ko Goggo ba ta samu ba.

Ni ɗiyar ɗan'uwa ce, ba ni da gado inda akwai ɗa namiji, don haka ba wanda ya ga dalilin sanar da ni. Aminiyar Goggo ce ta kawo mini labari, Mama Rifkatu, tsohuwar nas 'yar Filato wadda suka yi shekaru suna musayar littattafan girki. Ta shigo gidana da wata takarda duk maiƙo, ta shimfiɗa a kan tabarma. Shafi ne daga littafin da ita da kanta ta ba Goggo, ga gyaran Goggo da biro a gefe, inda ta rage yawan gishiri. A kasuwa aka naɗo mata kifi da shi. Mama Rifkatu ta zauna ta yi ta kuka.

Na boko sun tafi, na haƙura. Amma na ajami suna nan a kulle, har da waƙata. Tun daga ranar na sa Alhaji Umaru a gaba. Buƙatata ba ta da yawa: a fito da su, in kawo su zauren gidana, in riƙa ba da aro yadda take yi. Mace ba ta ratsa sahun maza ta buɗe kabad ɗin masallaci, liman kuma ya ce sai da izinin magaji. Magaji ya ce sai bayan girbi. Bayan girbi ya ce sai bayan salla. Bayan salla ruwa ya ci gonakin shinkafa na Zauro, hankalinsa ba ya jikinsa. Haka shekaru suka yi ta wucewa, ni da shi muna wannan rawa.

Nakan tambayi kaina abin da Goggo za ta ce in ta leƙo yau. Ban jin za ta tsani waya. Mace ce mai son sabon abu, da ta koyi latsa ta kafin mu. Amma da ta ga jikokinta suna kallon girki a waya daga safe har la'asar, ba wadda ta tashi ta ɗora tukunya, da ta ce musu kallo ba ya ƙosarwa. Da ta ga matasan manoma suna feshin magani ba tare da karanta abin da ke jikin kwalbar ba, da ranta ya ɓaci. Abin da zai fi ci mata rai shi ne albasa na ruɓewa a rumbunan unguwarta, alhali maganin abin yana kulle a masallacin da masu albasar ke salla sau biyar. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Bana Alhaji Umaru ya gaji da ni, ya ce in zo. Muka tsaya a ƙofar masallaci, aka kira ladan, dattijo mai fara'a wanda ya san Goggo tun tana budurwa. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya yi murmushi irin na mai albishir.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Gara ta shiga kabad ɗin damanar bara waccan, sai munka yi musu abin da aka yi ma takardu masu daraja. Munka ƙone su wuri mai tsarki, munka zuba tokar cikin gulbi. Ko takarda guda ba ta taɓa ƙasa ba."

Na tambaye shi ko a duk shekarun nan wani ya taɓa buɗe ƙunshin. Ya dube ni da mamaki. "Wa ka taɓa su? Amana ta. Kuma ai mun shaida ma Alhaji kahin mu ƙone." Na juya wurin Alhaji Umaru. Yana ta latsa wayarsa, bai ɗago ba.

Na yi wa ladan godiya, don da zuciya ɗaya ya yi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, saboda haka zan faɗa a nan: ban yafe wa Umaru ba tukuna. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, amma bai ba ni ba.

A wurin ta'aziyya akan ce ilimin mutum ba ya mutuwa. Akwai gaskiya a ciki. Akwai gidajen da miyarsu ta gyaru saboda Goggo, akwai lambunan da ita ce silarsu, masu su ma ba su sani ba. Amma ba zan yaudari kaina ba. Abin da ta tara tsawon rayuwarta, rabi raini ya cinye, rabi girmamawa ta cinye, kuma cikin masu rainin da masu girmamawar ba wanda ya karanta ko layi ɗaya. Na bi tsofaffin Argungu ina neman mai ƙarshen waƙar nan. Waɗanda suka iya ta sun riga Goggo tafiya, ko sun bi bayanta. Yanzu in na rera ta, inda na tsaya nan ta ƙare.

Allah ya haskaka kabarin Goggo Kulu, ya sa ta huta. Ku kuma masu karatu, in akwai wani farin ƙunshi a kabad ɗin masallacinku, ko a saman sif ɗin mahaifinku, ku yi alwala in kun ga dama, amma ku kwance shi ku karanta.