Ustaza Rahmatu, Wadda Ta Hana Mu Haddace Lissafi

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, goma ga watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ustaza Rahmatu Nagoggo a gidanta da ke Alsawra, cikin Omdurman, bayan jinyar da ta sha tun ƙarshen azumi. Ina ɗakin haihuwa a unguwarmu ta Dar Salam, nan cikin Omdurman, ina wanke hannu, ɗanta Muntasir ya kira ni. Ya ce, "Goggo Layla, Mama ta cika. Ta ce ke za ki yi mata wanka." Na ajiye sabulun, na nemi inda zan zauna.

Ni ba marubuciya ba ce, ungozoma ce. Amma ke kika koya mini cewa abin da mutum ya sani, ya kamata ya iya faɗinsa da bakinsa, saboda haka zan faɗi abin da na sani a kanki, Ustaza, kamar kina zaune a gabana da allinki a hannu.

Karɓar haihuwa gado na yi wajen mahaifiyata. Na yi shekaru ina wannan aiki a wata ƙaramar cibiyar lafiya ta wata ƙungiyar agaji, har rannan aka tara mu aka karanta sabon sharaɗi. Wadda ba ta da shahadar sakandare, wato takardar shaidar gamawa, ba za a tura ta horo ba, wadda ba ta da horo kuwa za ta bar ɗakin haihuwa ta koma shara da wankin zannuwa. An ba mu zama biyu na jarrabawa. Na haura arba'in a lokacin, kuma rabona da aji tun ina budurwa. Ban raina shara ba, amma hannun da ya karɓi rabin yaran unguwa a ce ya koma riƙon tsintsiya a bakin ƙofar da ya saba shiga, abin ya tsaya mini a rai.

Muka haɗu mu kaɗan, mata masu irin wannan buƙata, a ƙarƙashin rumfar gidan Hajja Aliya, dattijuwar unguwarmu, wadda ita ce ke wankan gawar mata, kuma ta shiga karatun ne don kawai ta ce ba za a bar ta a baya ba. Babu malami. Muka sayo littattafai a kasuwar Suk al-Shabi, muka yi musu abin da muka iya. Dukanmu makarantar allo ta raine mu, inda ake biya maka, ka maimaita, ka haddace, kuma ba ka isa ka sauya ko wasali ɗaya ba. Haka muka yi wa lissafi. Muka zauna muna rangaji, muna rera misalan littafi daga farko har ƙarshe, har maƙwabta suka ɗauka wazifa muke yi. Na shiga jarrabawar farko da misalai cike da kaina. Aka buɗe takarda, sai ga tambayoyin nan da na sani, amma an canza musu lambobi. Ido ya raina fata. Na faɗi lissafi warwas, saura zama ɗaya ya rage mini.

A nan ne Hajja Aliya ta tuna da ke. Tare kuka taso a sansanin masu tsinkar auduga a yankin Jazira, kin koyar da lissafi a makarantar 'yan mata har kika yi ritaya. Muka ce ina tsohuwar malama za ta baro Alsawra, ta hau mota biyu, ta zo ta zauna cikin ƙurar Dar Salam saboda mu? Sai ga ki ranar Asabar bayan la'asar, da farin mayafi, da guntun katako da aka shafa wa baƙin fenti a hammata.

Ba zan manta da wannan rana ba. Kika ce in nuna miki abin da na iya. Na miƙe, na gyara murya, na kawo miki misali guda tun daga tambaya har amsa, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Kika tafa, kika ce, "Masha Allah, ƙira'a ta yi kyau." Kika rubuta tambayar a katakon, sa'an nan kika sa babban yatsanki kika goge bakwai, kika rubuta tara a wurinta. Kika miƙo mini alli. Na tsaya kamar an dasa ni. Hajja Aliya kuwa salati ta yi, ta ce yaya za a taɓa abin da ke rubuce a littafi?

Kika yi dariya har mayafinki ya zame. Kika ce, "Ya Hajja, wanda ya rubuta wannan ba wahayi aka yi masa ba. Mutum ne kamarmu, yana shan shayi, yana kuskure. Littafin Allah shi ake haddacewa a bar shi yadda yake. Wannan kuwa ku taɓa shi, ku juya shi, ku karya shi ku gani. Wallahi babu zunubi."

Wannan magana ita ce ta buɗe mana ƙofa, kuma ban taɓa jin wani malami ya faɗe ta ba, domin sai wanda ya fito daga cikinmu zai gane abin da ke tsare da mu. Ba daƙiƙai ba ne mu. Ladabin rubutu ne aka cusa mana tun muna yara, muka kai shi inda ba wurinsa ba.

Daga ranar kika kafa mana dokarki. Babu wadda za ta taɓa tambaya sai ta karanta ta sau biyu. Jarrabawar da Larabci take, amma sai ki rufe littafin ki ce, "Faɗa mini da Hausa, me mutumin nan yake nema?" In mace ta kasa, ki ce to ba ta tashi amsawa ba tukuna. In ta faɗa, sai ki ce ta zana shi. Ba ki yarda da lissafin da ba a gani da ido ba. Kashi-kashi ya ba mu wuya, sai kika ja mu waje, kika zana gona irin ta Jazira a ƙasa da tsinke, ga auduga, ga dawa, ga ɓangaren da aka bari ya huta. Kika tambayi Hajja Aliya, in an ƙara wa dawa rabin na hutu, nawa ta samu? Kafin ki rufe baki ta ba ki amsa, ta kuma ƙara da cewa mai gonar nan ba shi da wayo. Kika ce, "To ga shi, tun kina goye kike lissafi, sunansa ne kawai ba a gaya miki ba."

Ita dai Hajja Aliya ba ta saki hanyarta da sauƙi ba. Wata rana kin cika katakon da rubutu, ta kalle shi ta ce, da za a wanke mata shi a ƙwarya ta shanye, ai da an huta. Kika ce ta sha in tana so, amma ta sani Layla ungozoma ce, ba ta maganin ciwon ciki. Muka yi ta dariya har aka kira magariba.

Kin san rayuwarmu, shi ya sa ba ki taɓa ce mana mu zauna mu yi karatu na dogon lokaci ba. Kika ce kaɗan kullum ya fi da yawa ran Juma'a. Tambaya ɗaya bayan asuba kafin yara su tashi, ɗaya lokacin da wake ke kan wuta. Wadda ta gane abu, dole ta koya wa ta kusa da ita, don a nan ne za ta san ko da gaske ta gane. A ɗakin jarrabawa kuma a fara da mai sauƙi, a bar mai taurin kai ya jira. Kuskurenmu ba ki bari mu goge shi da sauri. Sai mace ta nuna da yatsa daidai inda ta kauce. Da maza suka riƙa yi mana ba'a a bakin titi cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kika ce mu gaya musu ba tanƙwarawa kika zo yi ba, hura wuta kika zo yi, kuma busasshe ya fi kamawa.

Ba ki taɓa karɓar komai a hannunmu ba sai shayi, shi ma kina ƙorafin sukari ya yi yawa. In za ki tafi, sai ki bar tambaya ɗaya a katakon ba amsa, ki ce ta kwana da mu.

Da ciwo ya kwantar da ke, jarrabawa ta matso. Muka shiga ba ki raka mu ba. Ranar da na fito daga takardar lissafi, kai tsaye na wuce Alsawra. Kin rame ƙwarai, murya ta yi ƙasa. Na gaya miki an kawo wata tambaya a kan tankin ruwa mai famfo biyu.

Kika ce, "Kin taɓa ganinta?"

Na ce, "Ban taɓa ba, Ustaza."

"Me kika yi?"

"Na faɗe ta da Hausa a zuciyata, na zana tankin a gefen takarda."

Kika rufe ido, kika ce, "Halas, shi ke nan. Ni na gama nawa."

Ba ki jira sakamako ba. Ranar da kika cika, na isa gidanki na tarar da Hajja Aliya ta riga ni. Muka yi miki wanka tare, ita tana jagora. Sai 'yarki Iman ta buɗe akwati ta fito da likkafaninki, wanda kika sayo a Makka kika wanke da ruwan Zamzam, kika kuma yi wasiyya cewa a cikinsa za a sa ki. Hajja Aliya ta auna da kamunta yadda ta saba, ta sake aunawa, ta ɗago ta ce bai kai ba. Iman ta fashe da kuka. A nan muka ji daga bakinta abin da kika ɓoye mana. Bara wata baƙuwa ta rasu a Dar Salam, ba dangi ba kowa, kika yago mata daga naki. Ni na san an binne matar nan da farin ƙyalle mai kyau, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Muntasir ya ce daga bakin ƙofa bari ya ruga kasuwa ya sayo wani. Iman ta ce Mama wannan ta ce. Maza suna waje, an haƙa kabari, la'asar tana matsowa. Kuma yadi in an yaga shi ba daidai ba, ya tafi ke nan.

Sai na ji kamar kina cewa in faɗa miki da Hausa. Me ake nema? Riga, da gyauto, da ɗankwali, da manyan lulluɓi, daga wannan ƙyallen. Na ɗauki zare na auna tsawonsa, na auna faɗinsa, na durƙusa na zana shi a ƙasa da yatsa. Hajja Aliya ta durƙusa kusa da ni. Ita ce ma ta fara gani, ta sa yatsa a gefen zanen ta ce, "Yadin Makka ya fi namu faɗi." A kullum daga tsawo ake fitar da komai, domin haka aka gada. Muka ga in an cire ɗankwali da gyauto daga gefe, tsawon zai ishi sauran. Muka sake aunawa sau biyu, kamar yadda kika koya mana, sa'an nan Hajja ta yi bisimilla ta yaga. Ya ishe ki, Ustaza. Ko tafin hannu bai yi saura ba, amma ya ishe ki. Sai da muka ɗaure ki tsaf sa'an nan na samu damar kuka.

Bayan an naɗe tabarmar makoki sakamako ya fito. Ba a kira sunana a rediyo cikin waɗanda suka fi kowa maki ba, amma na ci, lissafin ma na haye shi. An sa sunana cikin masu tafiya horo, kuma ina nan a ɗakin haihuwa. Na riƙe wayata na daɗe ina kallonta, domin mutum ɗaya nake so in fara gaya wa.

Na tafi rumfar Hajja Aliya. Katakonki yana rataye, tambayarki ta ƙarshe tana kai, an rufa mata ƙyalle don kada ƙura ta taɓa ta. Hajja, wadda a da take so a wanke mata ta sha, yanzu ta hana kowa kusantarsa, ta ce rubutun hannunki ne. Waɗansu sababbin mata suna zaune, har sun haddace tambayar. Na yaye ƙyallen. Wallahi ni ma ban so taɓa shi ba, amma na san abin da za ki ce in kika tarar an mai da rubutunki kayan ajiya. Na sa babban yatsana na goge bakwai, na rubuta tara, na miƙa wa ta kusa da ni alli. Hajja Aliya ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce da yarinyar, "Ke, karanta sau biyu tukuna."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ƙasimu, maigidanki, wanda bai taɓa hana ki hawa motar Dar Salam ba, da Muntasir, da Iman, da 'yan'uwa na Jazira da na Khartoum, da dukan matan da suka zauna a ƙarƙashin rumfar nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rahmatu, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka tabbatar da harshenta lokacin tambaya. Ka sa abin da ta koyar ya zama sadaka mai gudana a gare ta, har da ladan duk jaririn da zai faɗo hannuna daga yau. Ta suturta baƙuwa da likkafaninta, ya Allah ka suturta ta da rahamarka. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Ɗalibarki,
Layla Uthman, Dar Salam, Omdurman