Injin Markaɗen Kawu Kuang

A ƙauyenmu na kan dutse, Kawu Kuang Defu ne mai awara. Shekarar da aka jawo mana wutar lantarki, shi ya fara sayen injin markaɗe, irin mai duwatsu biyu. Gari ya yi albarka a lokacin. Masu shayi suka kafa injin busar da ganye, kafinta ya sayi zarto mai wuta, kowa ya samu na cin awara da safe.

Sai masana'antun bakin teku suka kwashe matasa. Har ni na je na dawo, don ni da tsayuwa wuri ɗaya ba ma shiri.

Bara aka ce duk ƙauyen da ba ya shan wuta sosai za a cire masa taransifoma, a mai da mutanensa gidajen bene a birni. Kawu ya ce ba inda za shi, ga kabarin matarsa a bayan gida. Ya shiga markaɗe tun safe har yamma don mita ta juya, alhali masu cin awarar ba su cika tebur biyu ba.

Na ce, "Kawu, wannan tulin wa zai ci? Aladun Gwaggo Pan ma sun fara kau da kai."

Ya ce, "Kai za ka ci, ɗan banza, tunda ba ka da aikin yi."

"Na ci har na fara fari da taushi, Kawu. Saura a yanka ni a soya."

Ya yi dariya har da tari.

Waken suyarsa ya ƙare kafin sabo ya nuna. Kowane yaro a garinmu ya san ba a juya dutsen niƙa ba wake, cin kansa yake yi. Shi ne ma ya koya mana, da ranƙwashi. Amma ran nan na tarar injin na ta kuka, duwatsu na goga juna, garin dutse na zuba cikin bokiti.

"Kawu, kashe shi mana!"

"Bar shi, yaro. Jibi masu duba mita za su zo."

Sun zo, sun duba. Ɗayansu ya ce cikin ladabi, duk wutar da muke sha ba ta kai ta shago ɗaya a birni ba.

Duwatsun sun riga sun suɗe, ba za su ƙara niƙa ko ƙwaya ba. Motar da ta ɗauki taransifoma ita ta sauka da Kawu zuwa birni, yana zaune a baya kan ƙullin kayansa. Na bi su da gudu ina ce masa ya manta hularsa. Bai waiwayo ba.