Turmin Inna

A kwaleji malamin rubutu ya ba mu aiki: shin daidai ne a hana mutane haƙar zinariya? Mu kawo hujjar kowane ɓangare, ban da ra'ayinmu. A bakinsa abin da sauƙi.

Na kasa zama a laburare. In buɗe littafi in rufe, in fita in dawo. Ƙarshe na hau mota zuwa ƙauyenmu, kusa da Yargalma, in tambayi Inna.

Ta nuna mini turmin da take daka duwatsun zinariya a dā. Shi ya kai ni makaranta. Ƙurarsa mai gubar dalma ce ta kashe ƙanwata.

Na dawo raina na tafasa, na ce, "Malam, a wane ɓangare zan sa Inna?"