Yashin Yaya Zulkifilu

Yayana Zulkifilu ya yi shekara ashirin da biyar yana aikin kashe gobara a Kano, sannan ya yi ritaya ya dawo mana Rano, shekara biyu bayan ƙaddamar da Shari'a. Ya dawo da halin da ya ishi kowa. Ba ya zama a cikin gini sai ya fara duba ta ina za a fita. Ko gidan suna aka je da shi, ana miƙa masa waina, shi kuwa yana can yana leƙen wayar lantarki yana girgiza kai. A gida Kwana-kwana muke ce masa, kuma yana amsawa.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Rano da Kano. Da ƙungiyarmu ta tashi gina shaguna goma sha biyu a tasha, ni na kawo sunansa don ya kula da aikin, kuma har sai da na yi da-na-sani. Ya ce ƙofofi waje za su riƙa buɗewa. Ya ce rumfar Mato mai sayar da fetur a jarka ta matsa taku ashirin daga shaguna. Aka yi ta rigima, Mato ya matsa yana gunaguni. Sai kuma bokiti takwas masu jan fenti da ya rataya a bango, kowanne cike da yashi, don wutar fetur ba ta jin ruwa. Da kansa ya ɗebo yashin a rafi, ya tankaɗe shi da rariya don kada ya dunƙule.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya zagaya ya leƙa bokitan. Satin farko ya tarar sun koma rabi. Sati na biyu babu ko ƙwaya. Hankalinsa ya tashi sosai, don ya san ranar da wuta ta kama, bokiti fanko ba zai ceci shagon kowa ba. Ya yi kwana uku yana zaman gadi, ashe Hajiya Nuriyya ce ke kwashe yashin, dattijuwar da ke soya gyaɗa a bakin tasha.

"Malam Zulkifilu, ban taɓa samun yashi irin naka ba," in ji ta. "Ba tsakuwa, ba ƙasa, gyaɗa ba ta ƙonewa."

"Hajiya, na gobara ne fa!"

"To, ni dai ban ga gobarar ba tukuna."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya zauna a benci ya ci gyaɗar, ya ce lallai ta soyu. Washegari ya turo mata amalanke guda na tankaɗaɗɗen yashi, ya ce duk wata za ta samu, da sharaɗin bokitan sun zama nata, ita za ta kula kada su ragu. Ya nuna mata yadda ake watsa shi a gindin wuta. Mun sha dariya a tasha, muka ce tsohon ma'aikaci ya koma dillalin yashi.

Shekara uku ana haka. Ran nan da azahar, cikin zafin bazara, Mato yana zuba fetur a babur ɗin wani ɗan acaɓa da bai kashe injin ba, sai wuta ta tashi. Ina wurin, kuma wallahi duk abin da Yaya ya koya mana ya gudu daga kaina. Ja'afaru direba ya rarumo jarkar ruwa.

"Ja'afaru, ajiye ruwan nan!" Hajiya Nuriyya ta daka masa tsawa. "Bokiti! Ku zuba a gindinta!"

Muka bi umarninta kamar 'yan makaranta. Duk takwas ɗin cike suke har baki. Rumfar Mato ta ƙone, amma shi ko ƙwarzane bai samu ba, wutar kuma ba ta tsallake taku ashirin ɗin nan ba.

Yaya yana gonarsa a Yalwa, sai la'asar ya iso. Ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya yana shafa bango, ya tsaya a kan bokitan da ke yashe a ƙasa. Ban taɓa ganin ƙwalla a idonsa ba sai ranar, ni ma daɗi ya cika ni. Mato ya zo ya riƙe hannunsa.

Hajiya Nuriyya ta leƙo daga bayan kaskonta.

"Malam Zulkifilu, bokitaina babu komai a ciki. Gobe da safe nake son yashi, kuma a tankaɗe."

"An gama, Hajiya," in ji shi, yana dariya yana goge ido.